Yadda Inna Ta Koma Dorina

Ya-Kusa ake kiranta a gidansu, kuma ita ta ja wa kanta. Duk wanda ya tambaye ta, "Wai ina littafin nan naki?" amsarta ɗaya ce: "Ya kusa." Ta faɗa tana goye da ɗanta, ta faɗa ranar da aka kai shi makaranta, ga shi yanzu muryar yaron ta fara buɗewa, yana tsayawa gaban madubi yana neman gashin baki, littafi bai fasa kusantowa ba. Ƙaninta Auta, wani ƙato mai tumbi da ke tuƙa tasi, shi ya fara laƙaba mata sunan. Da ta nuna ta ji haushi, shi ke nan, suna ya zauna daram.

Littafin kuwa ba wani kundi ba ne da za a ce ya ci shekaru. Ɗan littafin yara ne mai hotuna, wanda za ka karance kafin shayinka ya huce. Labarin wata kaka ce da ta zo gidan jikokinta: ƙofa ta yi ƙara, kujera ta yi kuka, gida ya yi kaɗan, ita kuma tana ta cewa, "Ku matsa, ku matsa!" Ya-Kusa tana aikin karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori, kuma a ɗakin jiran nan ta gwada labarin a kan yara masu kumburarren kunci. Yaron da ke jiran a cire masa haƙori ba ya dariyar kara. In ya yi dariya, to labari ya yi.

Sai dai kamfanonin buga littattafai ba ciwon haƙori suke ba. Wani ya ce labarin ya yi tsawo. Ta rage, ta kai wa wani, ya ce ya yi gajarta. Akwai waɗanda suka riƙe shi har ta manta kamannin ofishinsu, da ta koma ta tarar wurin ya zama shagon sayar da katifa. Wani mutum kuma, mai kirki da shi wallahi, ya ba ta lemo mai sanyi, ya yaba labarin, sannan ya tambaya ko za a iya mai da kakar matuƙiyar jirgin sama.

Duk wannan da sauƙi in da Inna, mahaifiyarta, ba ta sani ba. To Inna ta sani, don ita ce kakar, kuma tun ranar da ta ji ta shiga shela. Mai kayan miya ya sani, mai gyaran takalmi ya sani, likitan idonta ma ya sani. "Ni ce a littafin 'yata," haka take faɗa, tana dukan ƙasa da baƙar lemar da ba ta rabo da ita ko ana ruwa ko ana rana. Mace ce Allah ya yi mata jiki da murya, ga wushirya, ga wata tsohuwar jaka da hannunta ya tsinke ta ƙulle shi ta ƙi sauyawa. Amma fa ba a yi mata maganar jiki. Maƙwabciyarta ta taɓa cewa, cikin raha, a kawo wa Inna kujera mai ƙwari. Har yau in sun haɗu a bakin famfo, Inna bango take gaisarwa.

Ya-Kusa tana son uwarta so mai tsanani, tana kuma tsoronta daidai gwargwado. Burinta ɗaya ne a duniya: ta ɗora littafin nan a cinyar Inna, Inna ta buɗe, ta yi alfahari.

Ana nan sai Allah ya haɗa ta da wata mai buga littattafai da ake kira Edita. Ofishinta yana saman wani shagon faci, ɗaki ɗaya cike da kwalaye, da fanka mai ƙas-ƙas, da tebur da aka tokare ƙafarsa da tsohon ƙamus. Edita 'yar siririya ce, kullum da jan biro soke a ɗankwalinta. Ta karanta labarin a tsaye, ta yi dariya sau biyu, ta zaro biron nan.

"Za mu buga," ta ce. "Amma kin cika surutu."

Ya-Kusa ta yi shafi guda cur tana siffanta kakar: zaninta, tafiyarta, lallausan tafin hannunta. Edita ta ja masa layi tun daga sama har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ai nan ne zuciyar labarin!"

"Abin da hoto zai faɗa, baki ba ya faɗa. Ki bar wa mai zane abin yi."

Haka aka yi ta yi. Ya-Kusa ta kawo, jan biro ya ci, ta koma ta kawo, ya ƙara ci, har labarin ya rage 'yan kalmomin da za su shige bayan katin asibiti. Abin haushin shi ne, da ta karanta wa yaran ɗakin jira sabon, sun fi yin dariya. Sai ta haɗiye haushinta ta nemi a haɗa ta da mai zanen, don ta kwatanta masa Inna.

"A'a," in ji Edita. "A gidan nan marubuci da mai zane ba sa haɗuwa. Ba waya, ba saƙo, ba 'ga ɗan hoto ka duba'. Na taɓa haɗa wasu biyu, a kan launin hular zomo suka kusa dambe. Ke kin yi naki, shi zai yi nasa."

Mai zanen kuwa ya karɓi aiki ya yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Damina ta wuce, wata ta zo. In Ya-Kusa ta buga waya, Edita ta ce, "Ya maƙale. Ya ce kakar ta ƙi fitowa." Inna kuma ta rage tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo. Ta ma fi mai da hankali ga zuwa asibitin ido, Auta ya ɗauke ta tun hantsi, ba sa dawowa sai la'asar. Ya-Kusa ta ce wannan layi na asibiti ya yi yawa. Auta ya ce ai kin san asibiti.

Kwatsam wata ranar aiki Edita ta kira ta. "Zo ki gani. Ya gama, kuma ban taɓa buga abu mai kyan wannan ba."

Ya-Kusa ta bar teburinta a hannun wata nas, ta garzaya ofishin, ta hau matattakalar bibbiyu. Edita ta shimfiɗa manyan takardu a tebur tana murmushi. A shafin farko ga ƙofar gida, ga yara uku sun leƙo, ga kuma Kaka tsaye a bakin ƙofa ta cika ta fam.

Dorina ce.

Dorinar ruwa, ƙatuwa, ruwan toka, da ɗankwali a ka.

Ya-Kusa ta nemi kujera ta zauna a kan kwali. "Innalillahi. Ranki ya daɗe, mene ne wannan?"

"Kaka."

"Uwata ce fa! Mutum ce!"

Edita ta tura mata rubutun. "Nuna min inda aka ce mutum ce."

Ta duba sama, ta duba ƙasa. Kaka ta zo. Ƙofa ta ce ƙiii. Kujera ta ce wayyo. Babu zani, babu tafin hannu, babu komai, jan biro ya cinye duk wata shaida da ke nuna Inna 'yar Adam ce. Ta ɗago ta dubi biron da ke soke a ɗankwalin Edita, ta ji kamar ta karya shi gida biyu.

Ba nan tashin hankalin ya tsaya ba. Da ta ƙura wa hoton ido sai ta ga dorinar tana da wushirya. A hannunta na dama baƙar lema. A kafaɗarta jaka, hannun jakar a ƙulle.

"A sake," ta ce. "Don girman Allah a sake."

"Ana iya sakewa," in ji Edita, ta zauna ta harɗe hannu. "Mai zanen zai ajiye aikin, don na san halinsa. Maɗaba'a za ta ba wani layinmu. Sai mu nemi sabon mai zane, ki koma bayan layi, shekara biyu ko uku in an yi sa'a. In ba a yi sa'a ba kuma, kin san inda shagon katifa yake."

Gaba kura, baya sayaki. Ta ƙi, littafi ya mutu, Inna ta ci gaba da jiran gawon shanu. Ta yarda, Inna ta buɗe littafin da ta yi shekaru tana shelarsa ta ga kanta da kunnuwa 'yan firit da hanci kamar murhu. Matar da ta yanke gaisuwa a kan kujera mai ƙwari! Ya-Kusa ta ƙara kallon hotunan, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne suna da kyau. A shafin da dorina ta maƙale a ƙofar banɗaki sai da dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta mai da ita tari. Ta sa hannu.

Daga nan tashar tasi ta nufa, ta samu Auta yana goge gilashin mota.

"Kai ka ba su hoton Inna!"

"Ni? Wallahi, Yaya, ban ba kowa hoto ba."

"To wushiryar fa? Jakar fa?"

"Wace wushirya?" Ya ci gaba da goge wuri ɗaya da ya riga ya yi ƙal. "Ni dai hoto, ban bayar ba. Ko a gaban alƙali."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwalin littattafai ya iso, Auta ya kai wa Inna labari tun kafin a yanke igiyar kwalin, Inna ta aika a faɗa wa mutanen layi su zo gobe da yamma a buɗe littafi, har da maƙwabciyar bakin famfo, don ta gani da idonta. Ya-Kusa ta yi tunani iya tunani, ta fito da dabara irin ta wanda ruwa ya ci. Za ta je yau, ita kaɗai, ta ɓoye tabaran Inna, ta karanta mata, ta kwatanta mata hotunan yadda ya kamata su kasance. Goben fa, da mutanen layi za su zo da idanunsu lafiya lau? Oho. Ita dai Inna ta samu yini ɗaya tana farin ciki da littafin, gobe ta Allah ce.

Ta samu Inna a falo bayan azahar, zaune a doguwar kujerarta da ta lotsa ta ɗauki siffarta, lema jingine a gefe. Tabaran yana kan rediyo. Ya-Kusa ta gaishe ta, ta ce bari ta haɗa mata shayi, ta wuce ta share shi cikin tafin hannu. A kicin ta rasa inda za ta sa, ta jefa shi cikin gwangwanin sukari ta danne murfi.

"Ga shi, Inna," ta ce, ta durƙusa ta ɗora littafin a cinyarta.

Inna ta shafa bangon da tafin hannu, ta ɗaga ta sansana. "Ina tabarauna, 'yar nan?"

"Af! Ban gan shi ba. Bari in karanta miki kawai, in faɗa miki abin da ke hoton."

"To. Zauna nan."

Ta matsu a ɗan wurin da ya rage a kujerar, ta buɗe. "Kaka ta zo. Ƙofa ta ce ƙiii. Ga ki nan a bakin ƙofa, Inna, kin sha ado."

"Mai zanen ya yi ni da kyau?"

"Sosai."

"Bai sa min ƙiba ba dai ko?"

Ya-Kusa ta dubi dorinar da ta toshe ƙofa har haske ba ya wucewa. "Ƙiba kuma? Tsaka-tsaki ya yi ki."

"Madalla. Wuyana fa? Kin san ina da wuya."

"Dogo, Inna. Kamar na barewa."

"Allah ya yi masa albarka. Hancin?"

"Kamar biro."

"Ikon Allah, mutum bai taɓa ganina ba! Juya."

Ta juya, gumi na bin bayanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Ya-Kusa ta yi ta haƙa. A shafin kujera ta ce ƙafar kujerar ce dama ta ruɓe. A shafin cin abinci, inda dorina ta haɗiye burodi guda har da ledarsa, ta ce Inna ce ke gutsura a hankali cikin natsuwa. Inna sai gyaɗa kai take tana "Haka nake, haka nake," tana ƙara tambaya: yatsun fa, zara-zara? Tafiyar fa, ta yanga? Ya-Kusa ta ba ta yatsu, ta ba ta yanga, ta ƙara mata da gashin ido.

Ta kai hannu za ta tsallake shafin banɗaki, ta haɗa biyu ta juya. Inna ta dafe hannunta.

"Kin tsallake."

"Ban tsallake ba, Inna."

"Kin tsallake inda na maƙale a ƙofar banɗaki, jikokina biyu na turi, ƙaramin na jan wutsiyata. Nan ne ya fi kyau duk littafin. Ni na ce masa ya sa sabulu a ƙasa."

Fankar falon ta yi ta juyawa. Littafin ya kusa suɓucewa daga hannun Ya-Kusa.

"Wutsi... Inna, kin sani?"

Inna ta kwashe da dariya har kujera na girgiza, wushiryar nan a waje. "Hanci kamar biro! Kai, 'yar nan, Allah ya shirye ki. Da haka kika iya ƙarya tun farko, da littafi goma kika buga. Tashi ki ciro min tabarau daga gwangwanin sukari kafin tururuwa su yi gaba da shi. Ina jin ƙarar murfin tun daga nan."

Ta ɗauko shi tana kaɗe sukarin. Inna ta karɓa, ba ta sa ba, ta ajiye a hannun kujera.

"Na gaji da 'ya kusa' ne," ta ce. "Na sa Auta ya kai ni wajen 'yar siririyar nan mai biro a ka. Ta ce wai doka ce, marubuci ba ya ganin mai zane. Na ce to ni marubuciya ce? Dole ta ba mu kwatance. Na hau bene har uku, na samu bawan Allah zaune cikin takardu, ya zana wata tsohuwa 'yar ƙanƙanuwa da sanda, tana murmushi kamar mai neman gafara. Na ce, 'Ɗan nan, wannan ce za ta sa ƙofa ƙara? Wannan ko kaza ba za ta kora ba.' Ya ba ni kujera, na zauna, kujera ta watse. Ina zaune a ƙasa, yana ta ba ni haƙuri, sai na hango wata dorina da ya zana ya manna a bango. Na ce, 'Waccan fa? Waccan ta san kanta. Sa mata ɗankwali mu gani.'"

"Amma Inna, ke da kika daina gaida maƙwabciya a kan..."

"Wannan daban. Ita faɗa ta yi. Wannan ni na zaɓa."

"To me ya sa ba ki faɗa min ba? Na kusa mutuwa!"

Inna ta laluba ta ɗauki tabaran, ta juya shi a hannu. Dariyar ta ragu a fuskarta, amma ba ta tafi duka ba.

"Wannan ya daina min aiki tun bara, don mutane nake sa shi. Likita ya ce hasken tafiya yake, ba kuma zai dawo ba. Na ce to, littafin 'yata ba zai fito ya tarar da ni a duhu ba. Duk ranar asibiti, in mun fito, sai mu wuce wajen yaron nan. Yana zanawa a manyan takardu, ina kai fuskata har hancina na taɓa fenti. Na ga kowane shafi tun ina gani. Yanzu ko kin buɗe min, inuwa kawai nake gani, amma duk suna nan." Ta taɓa goshinta. "Da na faɗa miki, kuka za ki zauna yi, ki ce a yi sauri, a ɓata aiki."

Ya-Kusa ta yi abin da aka ce za ta yi. Kuka ya zo mata gaba ɗaya, na baƙin ciki da na kunya da na daɗi, ta kifa kai a kafaɗar uwarta. Shekara guda tana kallon matar nan tana laluben kofi a tebur, hankalinta na kan littafi, ba ta lura ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, ta kuma faɗa.

"Ke, raba ni da shirme, za ki jiƙa min littafi," in ji Inna, tana bubbuga bayanta. "Buɗe na ƙarshe."

Ta buɗe tana jan hanci. Hadari ya taso a hoton, an ɗauke wuta, yaran uku duk sun haye cinyar dorina, lemar a buɗe a kansu. Ba ta iya karantawa ba, Inna ce ta faɗa da ka, da muryar nan tata mai cika gida: "Kaka ta ce, ku matso, ku matso."

Inna ta rufe littafin ta sake shafa bangon.

"Abu ɗaya ne ban gani ba. Lokacin da ya yi bangon, idon ya riga ya tafi. Kama yatsana ki ɗora min a kan sunanki."

Ya-Kusa ta kama yatsan, mai kauri, mai ɗumi, ta ɗora shi a can ƙasan bangon, ta bi da shi kan haruffan ɗaya bayan ɗaya. Inna ta sa ta maimaita.

"Sun rubuta shi da girma?"

Ya-Kusa ta dubi bangon. Ta share ido, wannan karon ta faɗi gaskiya.

"Ɗan mitsitsi ne, Inna. Dorina ta cinye wurin duka."

"To ai haka ya kamata," in ji Inna, ta gyara zama, yatsanta na nan inda aka ɗora shi. "Koma farko ki karanta min da kyau. Kuma gobe ki zaunar da maƙwabciya a sahun gaba, inda lemata za ta kai."